Shirin Damuna Da Tsadar Mai

Ya ku manoman bakin Jakara, da ku dagatai, ga bazara ta kama, kuma tun ran gini ran zane.

Kakanninku da jigo suka yi lambu, ku kuwa da inji, inji kuma sai da fetur. Ran 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. A 2024 ta haura 1,000. A cikin 2024 ɗin matatar Ɗangote ta Legas ta fara fid da fetur, amma kuɗinsa yana bin kasuwar ɗanyen mai da darajar naira. Watau yau ya sauka, gobe ya hau.

Saboda haka lalle ƙungiyarku ta gama kai ta raba asusunta biyu. Kashi ɗaya na iri da taki, kada a taɓa shi, gama ruwan shuka ba ya jiran kowa. Ɗaya kashin na mai da hayar tarakta. Ku haɗa gonaki maƙwabta a yi musu huɗa rana guda, kuɗin ya ragu.

Wani zai ce a sayi fetur a ajiye tun da sauƙi. Kada ku yarda. Gidajen birni a haɗe suke, gobara ɗaya ta isa ta cinye unguwa.

Dagaci ya lura ma'aji yana rubuta kowane kwabo. Allah ya ba mu damuna mai albarka, amin.