In ƙugu ya riƙe, ina za a nufa?

Ciwon ƙugu ba ya sallama. Ɗan kasuwa ya sunkuya a Kasuwar Dole ta Damagaram zai gyara buhun shinkafa mai kilo 50, sai ya ji kamar an soka masa wuƙa, miƙewa ta gagara. Ma'aikacin gwamnati a Yamai, wanda ya shekara goma yana wuni bisa kujerar biro, ya duƙa zai yi alwalar asuba, sai da aka riƙa shi aka kai shi gado. Kafin hantsi gida ya cika da masu gaisuwa, kowa da maganin da ke bakinsa. Wannan ya ce basir ne, a jiƙa sassaƙe. Wancan ya ce sanyi ne, a kira wanzami ya yi ƙaho. Mai hali kuwa ya ce a nemi mota yanzu a tafi Galmi ko Kano.

Ya kamata mai karatu ya san cewa wanga ciwo ya game duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ke fama da shi, kuma a wajen 90 cikin 100 ba a samun wata cuta takamaimai da ta haddasa shi. Galibi naman baya ne ko jijiyoyin da ke ɗaure da ƙasusuwa 5 na ƙugu suka wahala. Irin wannan, komai zafinsa, yakan lafa cikin makonni kaɗan. Saboda haka tsananin zafi ba shi ne ma'auni ba. Abin da za a duba shi ne alamomin da suka rako ciwon.

Akwai alamomin da ba a kwana da su a gida. In fitsari ya ƙi fita, ko fitsari da bayan gida suna zubowa ba da sanin mutum ba, in tsakanin cinyoyi ya mutu ba ya jin taɓawa, ko ƙafa ta yi nauyi ana janta, to jijiyoyin da ke ƙarshen laka sun matsu. Jinkirin kwana ɗaya ko biyu kan bar mutum da nakasa ta har abada. Wannan sai babban asibiti mai lokotoron fiɗa, kamar na ƙasa da ke Yamai da Damagaram, ko babban asibitin Maraɗi. Haka nan wanda ciwonsa ya biyo bayan haɗarin babur ko faɗuwa daga bisa, a kai shi asibiti a kwance, kada maɗori ya fara murza shi.

Akwai kuma alamomin da ke nuna cewa cutar tana wani wuri dabam. Ciwon baya da zazzaɓi, da gumin dare, da rama, na iya zama tarin fuka da ya kama ƙashin baya. Shi ne ke sa doro, alhali yana da magani in an gano shi da wuri. Ciwon da ke gefe ɗaya yana sauka zuwa mara, da jini cikin fitsari, yakan zama tsakuwar ƙoda. Ƙaho ba ya kaiwa can. Kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi: wanda kunya ta hana shi faɗa wa manjo maganar fitsari ya cuci kansa.

In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, gidan likita na unguwa, wato CSI, ya isa. Manjo zai yi tambaya, ya duba ƙarfin ƙafafu, ya rubuta magani na ƴan kwanaki. In ya ga abin ya fi ƙarfinsa, shi zai ba da takardar zuwa asibitin gunduma ko na jiha. Mutane da yawa kan ji an raina su in ba a aika su hoton radiyo ba. Amma a makonnin farko hoton ba ya ƙara komai, kuma sau da yawa yakan nuna zaizayar ƙashi ko ga wanda ba ya jin ciwon komai, ya bar shi da fargaba da kashe kuɗi a banza.

Babban tarko shi ne mai tallar magani a tire. Ƙwayoyin diklofenak da ibuprofen suna rage zafi, amma shan su barkatai na kawo gyambon ciki, yana kuma lalata ƙoda, balle ga mai hawan jini. Tramol kuwa ya fi su sharri, don wanda ya fara shi saboda ƙugu yakan wayi gari ba ya iya buɗe shago sai da shi. Wanzami ma, in askarsa ta bi jikin wani ba a tsabtace ta ba, tana iya ɗauko ciwon hanta.

Doguwar kwanciya ba magani ba ce, ƙara sandarar da baya take yi. A riƙa tafiya kaɗan-kaɗan, a gasa wurin da ruwan ɗumi, a koma aiki da zarar an iya. Mai ɗaukar kaya ya lanƙwasa gwiwa, ya matso da kayan jikinsa. Mai biro ya riƙa tashi yana miƙe ƙafa. In an yi mako 6 babu sauƙi, a koma wurin manjo a nemi takardar ganin lokotoro. Allah ya ƙara mana lafiya.