Cigiya a Zamanin Wayar Hannu

A Hausa, idan wani abu ya ɓace aka fita ana tambayar jama'a ko sun gan shi, sai a ce ana cigiya. Akan yi cigiyar akuya, akan yi cigiyar jaka, amma cigiyar da ta fi tayar da hankali ita ce ta mutum. Tun kafin zuwan rediyo, cigiya tana da nata tsarin. Idan yaro ya ɓace, iyayensa sukan fara zuwa wurin mai unguwa, domin a can ne wanda ya tsinci yaro yakan kai shi. Daga nan sai a sanar a masallaci da coci da kasuwa, mai shela kuma ya zaga gari yana faɗa da babbar murya. Da gidajen rediyo suka yawaita, sai suka ɗauki aikin mai shela, amma ba su sauya kalmominsa ba. Akan faɗi sunan yaron da shekarunsa, da launin rigar da ke jikinsa, da wurin da aka gan shi a ƙarshe, da inda za a kai shi in an same shi. Abu ɗaya ne ba ya shiga cikin cigiya, wato sunan wanda ake zato. Mai shela yakan ce, "Wa ya gani?" Ba ya cewa, "Wane ne ya sace."

Mu mutanen yankin Mubi mun san cigiya fiye da yadda muke so. A ranar 29 ga Oktoba, 2014, mayaƙan Boko Haram suka shiga Mubi, gari na biyu mafi girma a Jihar Adamawa. Mutane suka watse ba shiri. Wasu suka nufi Yola, wasu suka hau duwatsu, wasu kuma suka bi hanyar da ta ratsa garinmu Sahuda zuwa iyakar Kamaru, yawancinsu a ƙafa. A irin wannan gudu uwa takan riƙe hannun ɗa ɗaya, ɗayan ya suɓuce. Miji yana kasuwa, matarsa tana gida, yara suna makaranta, kowa ya bi inda ƙafarsa ta kai shi. A watan Nuwamba na wannan shekarar sojoji da mafarauta suka ƙwato garin, jama'a suka fara komowa sannu a hankali. Gidaje da yawa sun buɗe ƙofa, amma ba su cika ba.

Waɗanda suka ɗauki nauyin nema a lokacin ba ƙwararru ba ne. Direbobi ne da ke kai sunaye daga tasha zuwa tasha, da limamai da fastoci da ke karanta sunayen bayan ibada, da matasa da ke zaga sansanonin 'yan gudun hijira a Yola, irin su Malkohi da Damare da harabar cocin Saint Theresa, suna tambaya tanti bayan tanti. Duk wanda wayarsa ke da caji ya zama ofishin cigiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma da ba don waɗannan mutane ba, da iyalai masu yawa ba su sake haɗuwa ba. Duk da haka aikin bai ƙare ba. A shekarar 2019, ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ƙasa da ƙasa ta bayyana cewa an kawo mata cigiyar mutum kusan 22,000 a Najeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a lokacin, kuma fiye da rabinsu yara ne a sa'ad da suka ɓace.

Yana da kyau mai karatu ya lura da yadda wannan ƙungiya take gudanar da nata neman. Takan zauna da iyalin ta rubuta bayani dalla-dalla. Takan bi sawu a hankali, wani lokaci har shekaru. In ta sami wanda ake nema, ba ta gaya wa masu nemansa inda yake sai ta nemi yardarsa, domin ba kowane mai nema ba ne yake nema da alheri. In kuwa yaro ne, sai ta tabbatar cewa masu cewa nasu ne, nasu ne da gaske. Aiki ne mai jan lokaci, kuma ba ya da armashi a idon mai kallo. Amma ba a jin cewa ya jawo wa wani marar laifi duka a bakin kasuwa.

Yau mai shela ya koma cikin aljihunmu. Hoton yaron da ya ɓace a Mubi da hantsi yakan isa Kano da Legas da Marwa kafin azahar, ta Facebook da WhatsApp. Wannan ci gaba ne, kuma ba ni cikin masu raina shi. Wani amfanin ma ya wuce saurin isar da saƙo. A watan Agusta na 2019 wasu mutane suka ɗauke Abubakar Idris, malamin jami'a da aka fi sani da Dadiyata, daga gidansa a Barnawa cikin Kaduna. Shekaru sun shuɗe, amma masu amfani da intanet ba su bari sunansa ya nutse ba, duk shekara sai sun sake tambayar hukuma inda yake. Haka aka yi wa 'yan mata 276 da aka sace a Chibok a 2014. Mantuwa ita ce kabari na biyu ga wanda ya ɓace, kuma jama'a a intanet sun iya hana a tona shi.

Matsalar tana farawa ne daga lokacin da mai cigiya ya gaji da shela, ya ga ya kamata ya zama mai bincike, daga nan kuma ya zama alƙali. Abin ba wuya. Mutum yana kwance a ɗakinsa, ya ƙura wa hoto ido, ya ce fuskar maƙwabcin nan ba ta kwanta masa ba. Wani ya amsa cewa ai an taɓa ganin su tare. Na uku ya nemo hoton maƙwabcin ya manna. Kafin magariba dubban mutanen da ba su san unguwar ba sun yanke hukunci. Su kuwa waɗannan dandali an gina su ne yadda abin da ya fi jawo martani shi zai fi yaɗuwa, kuma zargi ya fi "ba mu sani ba tukuna" jawo martani. Hausawa sun daɗe da cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. To, ina ga wanda bai zama gaskiya ba?

An ga misalin haka a Amurka a watan Afrilu na 2013, bayan da bama-bamai suka tashi a wurin gasar gudun fanfalaki a birnin Boston. Masu amfani da dandalin Reddit suka duƙufa kan hotunan wurin suna neman masu laifi. Sai suka tsayar da zatonsu kan wani ɗalibin Jami'ar Brown, wanda iyalinsa suka yi kusan wata guda suna cigiyarsa. Wato shafin da iyalin suka buɗe don neman ɗansu, shi ya zama wurin da ake zuwa ana zaginsu. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ɗalibin ba shi da hannu ko kaɗan, kuma bayan 'yan kwanaki aka tsinci gawarsa a cikin kogi. Reddit ya nemi gafara a fili. Shekara goma bayan haka, a 2023, wata mata ta ɓace a bakin kogin Wyre a Ingila, sai masu ɗaukar bidiyo don TikTok suka cika ƙauyen, suna leƙa gidajen mutane, har sai da 'yan sanda suka kore su. Binciken hukuma ya nuna cewa faɗawa ruwa ta yi, ba wanda ya taɓa ta.

Ba sai mun je nesa ba ma. A watan Disamba na 2021 aka sace Hanifa, yarinya 'yar shekara biyar, a Kano. Hotonta ya shiga kowace waya, mutane suka yi ta addu'a, kowa da irin hasashensa. Da gaskiya ta fito a watan Janairu na 2022, sai aka ga mai makarantar da take zuwa ne ya ɗauke ta, ya kuma kashe ta. Jami'an tsaro ne suka kama shi a lokacin da yake ƙoƙarin karɓar kuɗin fansa, kuma an ruwaito cewa yana cikin waɗanda suka je yi wa iyayen jaje. A watan Yuli na 2022 babbar kotu a Kano ta yanke masa hukuncin kisa. Abin lura a nan shi ne, zatonmu yakan faɗa ne kan baƙo, da mai baƙuwar shiga, da wanda dama ba ma ƙauna. Ba ya cika faɗawa kan mutumin da ke zaune a kan tabarmarmu yana share hawaye. Shi ya sa zato ba ya kai ga mai laifi sau da yawa, sai dai ya tone abin da ke cikin zuciyar mai zaton.

A gari irin Sahuda wannan magana tana da nauyi na musamman. Garin kan iyaka ne, kullum akwai baƙo. Akwai mai kora shanu zuwa kasuwar Mubi, akwai mai ɗauko kaya daga Kamaru, akwai wanda bai iya Hausa ko Fulatanci ko Gude ba, balle ya kare kansa in an taru a kansa. Idan saƙo ya shigo waya cewa masu satar yara sun shigo gari, wannan baƙon shi ne zai fara biya. A Indiya, a shekarar 2018, irin waɗannan saƙonni na ƙarya sun sa taron jama'a sun kashe matafiya da dama, har WhatsApp ya taƙaita yawan wuraren da za a iya tura saƙo ɗaya a lokaci guda zuwa biyar. Ko inda laifin ya tabbata ma, harshe yakan wuce gona da iri. A 2019 'yan sanda sun ceto yara tara da aka sace daga Kano aka kai Onitsha, kuma kotu ta hukunta jagoran masu satar. Amma a intanet wasu sun ɗauki laifin 'yan tsirarun mutane sun ɗora wa ƙabila guda, alhali kuwa 'ya'yan wannan ƙabila suna zaune lafiya da mu a Sabon Gari da Mubi, wasunsu ma suna karanta wannan littafi.

Wani zai ce, to malam, in hukuma ta yi jinkiri fa? In an je ofishin 'yan sanda an ce a dawo gobe, ko an ce babu man mota? Wannan ƙorafi ne na gaskiya, kuma duk wanda ya taɓa neman nasa ya san zafinsa. Ba na cewa jama'a su naɗe hannu. Su fita, su duba rijiyoyi da kududdufai da kangaye, su tambayi tasha da asibiti, su matsa wa hukuma lamba har ta motsa. Mafarautanmu sun san daji fiye da kowane jami'i, kuma su ma ba sa shiga nema sai da jagora, don kada taro ya tattake sawun da ake bi. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya ga wani abu da idonsa ya kai shi wurin iyalin, ko mai unguwa, ko 'yan sanda, inda za a iya auna shi a asirce. In ya zama kuskure, ba wanda ya ji. Amma in ya watsa shi a waya, magana zarar bunu ce, ba ta komawa. Kuma in ma gaskiya ne, ya faɗakar da mai laifi cewa an kusa cim masa, alhali wanda ake nema yana hannunsa.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da masu tura cigiya ba sa kula da su. Lambar wayar uwa da aka manna a ƙarƙashin hoto takan faɗa hannun 'yan damfara, su kira su ce yaron yana wurinsu, a turo kuɗi. Gara a sa lambar wani dattijo mai natsuwa a cikin dangi. Idan kuma budurwa ce ta ɓace, sai ka ga masu sharhi sun bar nemanta sun koma tonon halinta, wa take kulawa, me ya fitar da ita. Yarinyar za ta iya dawowa gida bayan kwana biyu, wataƙila ma gidan gwaggonta ta je cikin fushi, amma abin da aka rubuta a kanta yana nan yana jiranta har ranar da za a zo neman aurenta.

Sai kuma batun kwanan wata. Mai shelan da yakan sake zagawa in an dace, ya ce an ga yaro, Allah ya saka wa kowa da alheri. Da wannan shela ta biyu cigiya take rufewa. A waya kuwa mutum dubu ne ke tura "ya ɓace", amma da ƙyar goma su tura "an gan shi". Saboda haka hotuna marasa kwanan wata suke ta yawo shekara da shekaru, suna tafiya Zariya su dawo Mubi, kowa ya gani ya ce Allah ya bayyana, ya tura gaba. Wani yaron da ke cikin irin wannan hoto an same shi tun a makon da ya ɓace. Yanzu yana aji uku na sakandare, kuma har yau akan kira tsohuwar lambar mahaifinsa a ce an ga mai kama da shi a tasha.