RA'AYI: Gidauniyar coci a Arlit: A buɗe littafin kuɗi kafin a zaga da kwandon baiko

Ranar 31 ga Maris, 2021, kamfanin COMINAK ya rufe mahaƙar Akouta bayan ya shafe shekara 43 yana tono uranium a ƙarƙashin ƙasa. Ma'aikata kusan 600 suka rasa aiki, ban da wasu ɗaruruwa da ke ci a ƙarƙashin 'yan kwangila. A garin Akokan, wanda dama don wannan mahaƙa aka gina shi, albashin mutum ɗaya yakan riƙe gida guda, ya kuma taɓa mai shago da tela da mai tuwo-tuwo. Yana taɓa kwandon baikon ranar Lahadi ma.

Wannan ne ya sa nake ganin duk ikilisiyar da ta tashi buɗe gidauniya yau a Arlit, ko Akokan, ko Tchirozérine, don gini ko gyaran rufi ko gidan fasto, tana da bashin bayani a kanta tun kafin ta karɓi dala ɗaya. Jama'a na da haƙƙin sanin wa zai ƙirga kuɗin, ina za a ajiye su, da kuma ko aikin ya yi daidai da ƙarfin aljihunsu.

Kiristocin Nijar 'yan tsiraru ne. Ƙidayar 2012 ta nuna ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'ummar ƙasar ba. A garuruwan uranium kuwa, da yawansu aiki ne ya kawo su, daga Maraɗi da Dogondutsi da Yamai, wasu daga Benin, Togo da Burkina Faso. Katolikan yankin suna ƙarƙashin dayosis na Maraɗi, wanda aka kafa a 2001, kuma ya haɗa har da Tawa, Damagaram, Diffa da Agadez. Tsakanin mai ba da baiko a Arlit da hedikwatar cocinsa akwai tafiyar ɗaruruwan kilomita. Haka abin yake ga masu bin cocin bishara irin su EERN, wadda ta samo tushe daga aikin mishan na SIM a kudancin ƙasar. Idan mai sa ido yana nesa haka, dole jama'ar wurin su zama idon kansu.

Shi kansa garin Arlit darasi ne. An kafa shi a 1969 saboda uranium, SOMAÏR ta fara aiki a 1971, aka shafe shekaru ana ganin kamar rijiyar ba za ta ƙafe ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, rufe iyakar Benin ya toshe hanyar fitar da ma'adinin ta tashar Kwatano. A watan Yunin 2024 gwamnati ta janye wa kamfanin Orano na Faransa lasisin Imouraren, a Yunin 2025 kuma ta sanar da mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa. Ko mutum yana goyon bayan waɗannan matakai ko yana adawa da su, babu ma'aikacin da zai rantse kan yadda albashinsa zai kasance nan da shekara biyar. Ikilisiyar da ta zana ginin da sai da albashin injiniyoyi goma zai kammalu, ta ɗora harsashinta kan mutanen da takardar sauyin wurin aiki guda za ta iya kwashewa.

Lissafin ba shi da wuya. A ce ikilisiya tana da gidaje 80, kowane gida ya ɗauki alkawarin jika 2 a wata. Sefa 160,000 ke nan a wata, miliyan 1 da 920,000 a shekara. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake sefa 42,000, jika 2 ba abin rainawa ba ne. Sai a tuna kuma buhun siminti, ko na Malbaza ne ko na Najeriya, sai ya keta hanyar Tawa zuwa Arlit da duk ramukanta kafin ya iso, kuɗin mota kuwa a kan mai saye yake ƙarewa. Duk kwamitin da bai zauna ya yi wannan lissafi a gaban jama'a ba, ƙarshensa bango ne da ya tsaya a iya taga, iska na cika shi da rairayi. Daidai ruwa daidai tsaki, in ji Bahaushe.

Sai kuma yadda ake tara kuɗin. Akwai wata al'ada da ta bazu a coci-coci da masallatai da ƙungiyoyin gari a Afirka ta Yamma: a gayyato babban baƙo, a ba shi kujerar gaba, mai riƙe da lasifika ya riƙa shelar sunan kowa da abin da ya bayar. Kuɗi kan taru, ba musu. Amma a ƙaramar ikilisiya inda kowa ya san gidan kowa, shelar nan kan zama bulala ga wanda aka sallama daga aiki. Wani zai ci bashi don kada ya ji kunya a gaban matarsa da 'ya'yansa, wani ya yi alkawarin da ya san ba zai iya cikawa ba, wani kuma ya ƙaurace wa sujada har sai an gama gidauniyar.

Koyarwar da Kiristoci ke riƙe da ita ba ta tare da wannan salo. A Linjilar Markus sura 12, gwauruwar da ta jefa 'yan tsabar kuɗi biyu ita Yesu Almasihu ya yaba, ya fifita ta a kan attajiran da suka zuba da yawa. A wasiƙarsa ta farko ga Korantiyawa, Manzo Bulus ya ba da shawarar kowa ya riƙa ware wani abu duk ranar farko ta mako gwargwadon samunsa, don kada sai ya iso a shiga tara kuɗi a gurguje. Ambulan marar suna da alkawarin wata-wata sun fi kusa da wannan tsari fiye da bikin rana ɗaya mai kiɗa da shela.

Na san abin da wasu dattawa za su ce: mai neman ganin lissafi bai yarda da shugabanninsa ba ne, abin da aka ba Allah kuma ba a bin sawunsa. Amsar tana wurin Bulus ɗin dai. Lokacin da ya tara gudummawa don matalautan Urushalima, bai rungumi jakar shi kaɗai ba. Sura ta 8 ta wasiƙarsa ta biyu ta nuna ya tura Titus tare da wasu 'yan'uwa, ciki har da wanda ikilisiyoyi da kansu suka zaɓa, dalilinsa kuwa shi ne kada wani ya samu abin zargi kan yadda aka tafiyar da kuɗin. Idan manzo bai ɗauki shaidu a matsayin cin fuska ba, ma'ajin kwamitin gini ba shi da hujjar jin haushi. Fasto mai gaskiya shi ya fi kowa cin ribar buɗaɗɗen littafi, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ake nema bai fi ƙarfin kowace ikilisiya ba. Mutum biyu ko uku da ba 'yan gida ɗaya ba su ƙirga baiko nan take bayan sujada, su sa hannu. Kuɗin su kwana a asusun banki mai sunan ikilisiya, wanda ba a fitar da komai daga cikinsa sai da sa hannun mutum biyu. Duk wata a manna takardar shiga da fita a ƙofa, da rasit na siminti da ƙarfe. A sa Zumuntar Mata da matasa cikin kwamitin, tunda su ne suka fi cika benci.

Wasu kuma za su ce ga 'yan tsiraru gini ya wuce bulo da kwano, shaida ce cewa su ma 'yan ƙasa ne. Wannan magana tana da nauyi, musamman ga wanda ya tuna ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, lokacin da aka ƙona coci-coci da dama a Damagaram da Yamai. Ba wanda zai hana jama'a son ɗakin sujada mai kyau. Sai dai Arlit tana da nisan kilomita kusan 200 kacal daga Assamaka, inda Aljeriya ke zubo baƙin haure a hamada su taka kilomita 15 da ƙafa. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga sama da mutum 30,000 da aka koro ta wannan hanya a 2024. Da yawansu ta Arlit suke biyowa, kuma a cikinsu akwai masu neman coci da zarar sun shigo gari. Ga tsofaffin ma'aikata marasa lafiya, ga matan da mazajensu suka tafi wuraren haƙar zinariya suka bar su da yara. Shawarata ita ce tun ranar buɗe gidauniya a yanke wani kaso, ko da ɗaya bisa goma ne, a rubuta cewa na mabuƙata ne, Kirista ko Musulmi, kuma ba za a karkatar da shi zuwa siminti ba.

Ku kuma 'yan Arlit da ke Yamai, Abidjan, Faransa ko Amurka, ku ne ake fara nema a WhatsApp idan an buɗe gidauniya. Ku taimaka, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma kafin ku tura ta Nita ko Al Izza, ku tambayi sunan wa za a karɓa da shi, ku nemi kasafin aikin a rubuce, ku nemi rahoto bayan wata uku. Mai turo sefa 100,000 daga waje yana iya yin tambayar da mai jika ɗaya a gida yake jin nauyin yi, kuma amsar da aka ba shi za ta amfani kowa. Ku kiyaye kuma kada yawan kuɗinku ya sa a ninka girman ginin, a bar na gida da kuɗin wuta da gyaran da ba za su iya ɗauka ba.

Mai karatu Musulmi ma ba baƙo ba ne a wannan zance, domin kwamitin masallaci da na Islamiyya suna fuskantar tambayoyin nan guda. Duk wanda aka damƙa wa kuɗin jama'a da sunan Allah, amana ya ɗauka. Idan ikilisiyoyin Arlit suka fara manna lissafinsu a ƙofa duk ƙarshen wata, sun samu bakin tambayar kamfani da hukuma ina kuɗin uranium na shekara 50 suka shiga.