Yawan Idon Raga Ba Shi Ne Ingancin Lissafi Ba

Duk ɗalibin da ya taɓa ɗora ganyen mangwaro a kan takardar giraf don auna faɗinsa ya san wani abu guda: murabba'an da ke tsakiyar ganye ba sa ba da wahala, a gefe rigimar take, inda ganyen ya ci rabin ido ya bar rabi. Da irin wannan dabara kwamfuta ke kwaikwayon tafiyar ruwa da iska da jini. Tun ƙarni na 19 Navier da Stokes suka tsara lissafin motsin abu mai gudana, amma ba ya warwaruwa da alƙalami sai a 'yan wurare masu sauƙi. Saboda haka ake yanka wurin da ruwan ke bi ƙanana-ƙanana kamar ragar masunci, kwamfuta ta nemo gudu da matsi a kowane ido.

Akasarin masu koyo sun ɗauka rage yawan idanun nan ha'inci ne, wai gwargwadon ƙanƙantar ido gwargwadon gaskiya. Wannan zato yana da tsada. In aka raba girman ido biyu ta tsawo da faɗi da zurfi, yawan idanu zai ninka sau 8. Sau da yawa kuma tilas a raba takun lokaci biyu, aikin ya ninka sau 16. Lissafin kwana ɗaya ya koma na fiye da mako biyu ke nan, ko da wutar lantarki ba ta ɗauke ba.

A dubi babbar jijiyar wuya mai kai jini ƙwaƙwalwa. A inda take miƙe, jini na tafiya salin-alin, manyan idanu sun wadatar. To amma akwai wurin da ta rabu biyu, reshe ɗaya ya ɗan kumbura. A nan jinin ke rage gudu a jikin bango, har ya yi juyi ya koma baya, kuma a nan ne kitse ya fi taruwa, abin da kan kai ga shanyewar ɓarin jiki. Mai hankali zai tara ƙananan idanu a wannan mararraba da kuma jikin bango, inda gudun jini ke sauyawa cikin 'yar tazara, ya sassauta wa sauran. Wanda ya shimfiɗa ido iri ɗaya ko'ina ya kashe yawancin ƙarfin na'urarsa a inda babu labari.

Sai dai ragewar tana da nata haɗarin, kuma ba ƙarami ba ne. Juyin da bai kai girman ido ba, raga haɗiye shi take yi. Manyan idanu kan sa jini ya zama kamar ya fi yadda yake kauri, juyin nan ya ɓace, kwamfuta kuwa ba za ta yi ƙorafi ba. Za ta fito da hoto mai launi ja da shuɗi gwanin sha'awa, alhali kuskure ne. Batun ya wuce na ɗakin gwaji, domin a 2014 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da manhajar HeartFlow, wadda ke lissafa gudun jini a jijiyoyin zuciya daga hoton asibiti, likita kuma ya duba sakamakon kafin ya yanke shawara kan majiyyaci.

Maganin shi ne gwaji. A yi lissafin da raga mai manyan idanu, a maimaita da matsakaita, a sake da ƙanana. In amsar da ake nema ta daina sauyawa, ƙari ɓata lokaci ne; in tana ta sauyawa, ba a kai ba tukuna. Tun 1986 mujallar injiniyoyin Amurka kan abubuwa masu gudana ta daina karɓar binciken da aka yi da raga guda ba tare da an auna kuskurenta ba.

Malamin sakandare zai iya nuna wannan duka ba da kwamfuta ba. Ya ba ɗalibai ganye guda, su ƙirga faɗinsa da idon santimita 2, sannan na 1, sannan na rabi, su rubuta amsoshin uku a allo tare da mintocin da kowace ƙirga ta ci.