Jif ɗin lantarki na alfarma: Caji da gyara ne ya kamata su yanke hukunci

Tun bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, hankalin wasu masu hannu da shuni ya karkata ga manyan jif-jif masu amfani da lantarki, irin su Tesla Model X da BMW iX da Mercedes EQS SUV. Sai dai a Najeriya, sunan kamfani shi ne abu na ƙarshe da ya kamata mai saye ya duba.

Abu na farko shi ne bakin caji. Tesla ƙirar Amurka na amfani da tsarin NACS, motocin Turai na amfani da CCS2, na China kuma GB/T. Wanda ya shigo da mota ba tare da tantance wannan ba, zai iya tsayawa gaban tashar caji ya rasa inda zai jona.

Na biyu, wuta. Batirin waɗannan motoci na cin kimanin yunit 100. A farashin rukunin Band A na Afrilun 2024, wato naira 225 kowane yunit, cika shi bai wuce naira 22,500 ba. Amma wannan rangwamen na wanda ke samun wutar awa 20 ne a rana. Mai dogaro da janareta ya koma gidan jiya.

Na uku, gyara. Batiri ne sashe mafi tsada a motar, kuma garantinsa ba lallai ya biyo motar da aka shigo da ita daga wata ƙasa ba. Kafin a biya kuɗi, a fara sanin makanikin da zai iya buɗe ta.