Furen Labanda, Ruwa da Ƙaro: Kada Mu Ƙwace Burushi Daga Hannun Yaro

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

A gidaje da dama, idan yaro ya dawo daga makaranta da takardar da ya shafa wa launi, abin da ya fara ji shi ne: "Ajiye wannan, zane haramun ne." Mai maganar niyyarsa mai kyau ce, tsoron Allah ne ya sa shi faɗa. Sai dai hukuncin da ya yanke ya fi abin da malamai suka faɗa faɗi, kuma yaron ne ke asara. Ra'ayinmu shi ne a bar shi ya zana fure, a saya masa kayan aiki ma idan da hali. Misalin da muka zaɓa shi ne furen labanda, wanda Larabawa ke kira huzama, da yadda ake zana shi da fentin ruwa.

Mu fara da hukunci, domin nan ne hankalin iyaye yake. Hadisan da suka tsoratar a kan yin hoto suna magana ne a kan abin da yake da rai, mutum ko dabba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mai sana'ar zane ya je wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya ƙara masa yarda, yana neman fatawa. Ya gargaɗe shi a kan masu rai, sannan ya nuna masa mafita: idan ba makawa sai ya yi, ya zana bishiyoyi da duk abin da ba shi da rai. A kan wannan jamhurin malamai suka tafi. An ruwaito cewa Mujahid, daga cikin tabi'ai, ya ƙi zanen bishiya mai 'ya'ya, amma malaman da suka yi sharhin hadisin sun bayyana cewa ra'ayinsa ne shi kaɗai. Saboda haka wanda ya hana zanen fure ya ƙuntata abin da Sahabi ya yalwata.

Tarihin Musulmi ma shaida ne. Masallacin Rustam Pasha da ke Istanbul, wanda magini Sinan ya gina a ƙarni na 16, bangonsa cike yake da tayil ɗin garin Iznik masu ɗauke da furanni. A Indiya, an sassaƙa furanni a jikin farin dutsen Taj Mahal, kuma sarki Jahangir ya sa mai zanensa Ustaz Mansur ya zana furannin Kashmir. A Andalus kuwa, Ibnul Baiɗar, mutumin Malaga da ya rasu a shekarar 1248, ya yi rayuwarsa yana bin tsirrai yana tantance su. Ilimi irin nasa ba ya samuwa sai da ido mai lura.

Ita labanda tsiro ce ta ƙasashen gaɓar Bahar Rum. Ta fi shahara a yankin Furobans na kudancin Faransa, inda gonakinta ke rikiɗewa su zama shunayya daga tsakiyar watan Yuni zuwa Yuli, kafin a girbe ta a tatsi man turare. 'Yar dangin ɗoɗɗoya ce da na'ana'a, shi ya sa karanta yake da kusurwa huɗu. Ganyenta siriri ne, kore mai ratsin toka. Abin da ake hange daga nesa kamar fure ɗaya, ƙananan furanni ne da yawa da suka kewaye karan hawa-hawa, kamar zangarniya. Na sama a cunkushe suke, na ƙasa kuwa sukan bar tazara. Wanda bai tsaya ya duba ba, sanda zai ja ya shafa mata launi, ya ce ya gama.

A nan ne amfanin fentin ruwa yake fitowa. Wannan fenti garin launi ne da aka cuɗa da ƙaro, wato ƙaron bishiyar dakwara, wanda Sudan ke gaba wajen fitar da shi, Chadi da Najeriya na biye. Shi ne dai ƙaron da almajiri ke jiƙawa a tawada domin rubutu ya kama allo, kuma da shi ake haɗa launukan zayyana ranar saukar karatu. Ashe kayan da muke gani baƙo, rabinsa daga dajinmu ya tafi.

Ga yadda aikin yake. Mai zane yana haɗa shuɗi da ɗan ja mai haske har ya sami shunayya, sannan ya tsinka ta da ruwa. Da mai haske yake farawa, domin a wannan fenti ana tafiya ne daga haske zuwa duhu, kuma farin da ake gani a zanen farin takardar ne da aka ƙyale. Da bakin burushi yake ɗiɗɗiga furannin, ƙanana a sama, manya a ƙasa, yana barin gurbi tsakaninsu. Idan yana son launi ya bazu kamar gonar da aka hango daga nesa, sai ya jiƙa takardar tukuna. Idan kuwa yana son kowane fure ya fito sarai, dole ya jira shafin farko ya bushe kafin ya ɗora mai duhu a gefen inuwa. Karan kuma yakan zo da kore da aka kashe kaifinsa da ɗigon shunayyar nan. Takarda mai kauri ake so, irin mai nauyin giram 300, don siririya tana tattarewa idan ta sha ruwa. A lokacin hunturu fentin kan bushe da wuri, sai hannu ya ƙara sauri.

Wanda ya yi gaggawa ya taɓa jiƙaƙƙen wuri, launukan za su cakuɗe su koma ruwan ƙasa, kuma da wuya a gyara. Yaron da ya ɓata takarda uku ta wannan hanya ya koyi haƙuri fiye da yadda faɗa zai koya masa. Ya kuma koyi kallo. Suratu Faɗir, a aya ta 27 da ta 28, ta ja hankalinmu ga saɓanin launukan 'ya'yan itatuwa da duwatsu da mutane da dabbobi, sannan ta rufe da ambaton malamai masu tsoron Allah. Wanda ya ɓata rabin sa'a yana neman launin fure ɗaya, ya ga cewa gefen da rana ke haskawa ya karkata ga ja, gefen inuwa ya karkata ga shuɗi, ya san iyakarsa a gaban Mahaliccin furen.

Wani zai ce wannan ɓata lokaci ne. Duk halal ɗin da ya shagaltar da mutum daga salla ko karatu ya zama abin zargi, ko zane ne ko ƙwallo ko waya, kuma tsara lokacin yara nauyin iyaye ne. Amma a tuna cewa ɗalibin kimiyya zai zana ganye da fure a jarrabawa, mai ɗinkin hula da mai zanen lalle da magini duk da hannu da ido suke ci. Wani kuma zai ce labanda ba furenmu ba ce. Gaskiya ne, kuma mun zaɓe ta ne don sauƙinta ga mai koyo: launi biyu da ɗige-ɗige sun wadatar. Idan hannu ya faɗa, ga furen yakuwa da na kuɓewa da bado a bakin tafki suna jira.

Abin da muke roƙon iyaye da malaman Islamiyya shi ne su bambance wa yara hukuncin dalla-dalla: ga abin da aka yi gargaɗi a kansa, ga abin da aka halatta. Yaron da aka ce masa komai haramun ne, ranar da ya gano ba haka ba ne, yana iya fara shakkar sauran abin da aka gaya masa. Wannan ya fi tabon fenti a riga haɗari.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya shirya mana zuriyarmu. Wallahu a'alam.