WASAN WAYA: WA KE WASA DA WANI?

Ya 'yan uwa matasa, akwai wata masifa da ta shigo mana gida ba sallama, amma da an yi magana sai a ce wai "ai wasa ne kawai." Yaro ɗan shekara 15 zai rungume waya tun bayan Isha'i yana harbe-harbe a PUBG ko Free Fire, har a kira Assalatu bai runtsa ba. Gari ya waye ido jajir, a aji sai gyangyaɗi. In data ta ƙare ya shiga ƙunci, mahaifiyarsa ta yi magana ya daka mata tsawa. Haba jama'a! Wannan ne wasa?

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar wasan gem cikin jerin cututtuka. Ba duk mai bugawa ne ya kamu ba. Alamominta uku ne: mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuransa, sannan ya ci gaba alhali yana ganin ɓarnar. Kowa ya auna kansa.

Kada ka ɗauka haka kawai ka maƙale. Tarko ne aka ɗana da gangan: kyauta ga wanda ya leƙo kullum, da akwatin sa'a da za ka saya ba ka san abin da ke ciki ba. A 2018 ƙasar Beljiyam ta ce irin wannan akwati caca ne. A 2022 kamfanin Epic Games mai Fortnite ya amince ya biya Dala miliyan 520 a Amurka, bisa zargin kwasar bayanan yara da yaudarar mutane su yi sayayyar da ba su yi niyya ba.

Ga abin lura. Ƙasar Sin, gidan Tencent mai PUBG ta waya, a 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa 3 a mako. Masu sana'ar sun killace 'ya'yansu, mu kuwa mun saki namu!

To ɗan uwa, ka yanka wa kanka lokaci, kuma kada waya ta kwana a shimfiɗarka. In ka ga ƙaninka ya daina barci, ya guje wa mutane, kada ka fara da duka ko gori. Ka zauna da shi, in abin ya yi tsanani a kai shi ga likita. In kunne ya ji, jiki ya tsira.